Sa'ad Da Abinci Mai Kyau Ya Ƙi Cikin Yaro

Jawabi ga dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata, Bagwai

 Maganata ta yau a kan wani ciwon ƙananan yara ne wanda yake wahalar da iyaye, wani lokaci har ya ɓata zumunci tsakanin maƙwabta.

Ga yadda ciwon yake. Yaro ya kai wata shida, an soma ba shi kunu da madara, ko kunun waken soya. Ya sha lafiya, yana wasa. Bayan awa 1 zuwa 4 sai ya kama amai babu tsayawa, jikinsa ya saki, fuskarsa ta ɗashe, ya yi laƙwas kamar zai suma. Wani yakan biyo da zawo a ranar. Kashegari ya warke sarai. Randa aka sake ba shi wannan abinci, sai abin ya dawo.

Likitoci suna kiran wannan rashin jituwar hanji da furotin na abinci. Furotin shi ne sinadarin gina jiki. Garkuwar jikin yaron ce take ɗaukarsa kamar abokin gaba, sai ta tayar da faɗa a cikin hanji. A shekarar 2017 masana daga ƙasashe dabam dabam suka fitar da ƙa'idojin gane ciwon da lura da shi. Abincin da ya fi jawo shi su ne madarar shanu, waken soya, shinkafa, kifi da ƙwai. Duk abincin gidajenmu ne: nono da kindirmo, awara, shinkafa da kifin dam ɗin Watari. Abincin ba shi da laifi, jikin yaron ne bai karɓe shi ba.

Ciwon yana da dangi. Akwai jaririn da za a ga ɗigon jini da majina a kashinsa, alhali yana shan mama yana ƙiba. Sau da yawa furotin na madarar da uwa ta sha ne ya bi ta nononta. Akwai kuma mai saurin tashi, irin na gyaɗa ko ƙwai: cikin mintoci kaɗan borin jini ya feso, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Wannan na gaggawa ne, a ruga asibiti nan take.

'Yan'uwa, ga inda damuwata take. Da yake aman ba ya zuwa sai bayan awoyi, ba kasafai uwa take tuna abincin ba. Wata ta ce haƙori ne, wata ta ce iska. Mafi muni, sai a ce Bafillatanar da ta kawo nono ce, ko maƙwabciyar da ta miƙa wa yaro awara ta sa masa wani abu. Mu 'yan kaɗan ne a ƙauyukan nan, rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, kasuwa ɗaya muke ci. Zargin maita ko sammu wuta ce da ba a san inda za ta tsaya ba, shaidar zur kuma zunubi ce a gaban Allah. Dattawa, in irin wannan ƙara ta zo gabanku, ku fara tambaya: me yaron ya ci, da wane lokaci, ya taɓa yin haka a baya?

To, me za mu yi? Na ɗaya, yaro mai amai da sakin jiki a kai shi asibiti ba jinkiri, gama zazzaɓin cizon sauro da cutar amai da gudawa su ma haka suke farawa. In yana iya sha, a riƙa ba shi nono da ruwan gishiri da sukari a hanya. In ya galabaita sai ƙarin ruwa. Na biyu, a rubuta abin da ya ci da lokacin da aman ya soma, a nuna wa likita, domin gwajin jini ba ya cika nuna ciwon. In abin yana maimaituwa, a nemi a tura ku Kano, asibitin yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Na uku, sabon abinci a ba da shi ɗaya bayan ɗaya, da safe, a jira 'yan kwanaki kafin a ƙara wani. Na huɗu, kada a yaye yaro, kada a hana shi kowane abinci saboda tsoro, har tamowa ta kama shi. Wanda aka tabbatar kaɗai za a cire. Madarar akuya ba ta maye gurbin ta shanu, furotin ɗinsu kusan iri ɗaya ne. Malaman makarantar Lahadi, ku tambayi iyaye kafin ku raba wa yara abinci ranar Kirsimeti.

Abin godiya shi ne yawancin yaran nan suna rabuwa da ciwon tsakanin shekara 3 zuwa 5, amma a gaban likita za a sake gwada abincin, ba a gida ba. Mu yi addu'a, mu kuma je asibiti, gama Luka wanda ya rubuta mana Bishara shi ma likita ne. Ubangiji ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.