Bayanan Muhalli: Guzurin da Ake Ɗaura wa Manhaja



Maƙasudin jawabinmu a yau shi ne mu bayyana hanyar da mai aiki da kwamfuta zai bi ya juya halin manhaja ba tare da ya taɓa ko harafi ɗaya na rubutunta ba. Da yawa daga cikinmu mun saba da baƙin allon nan da ake rubuta umurni a kansa, amma kaɗan ne suka lura cewa umurni guda yakan ba da amsa iri biyu a kan na'ura biyu. Sau da yawa sanadin haka shi ne abin da za mu kira bayanan muhalli.

Kowane bayani suna ne da abin da ya ƙunsa, da alamar = a tsakaninsu. Duk sa'ad da shel, wato manhajar da ke karɓar umurninmu, ta tashi wata manhaja aiki, sai ta danƙa mata kwafin waɗannan bayanai kamar yadda ake ɗaura wa matafiyi guzuri. Tsarin ya samu siffarsa ta yanzu a 1979, a fitowa ta 7 ta Unix daga ɗakunan binciken Bell a Amurka, tare da shel ɗin da Stephen Bourne ya rubuta. Wanda ya rubuta env zai ga guzurinsa duka a jere.

Alal misali, umurnin date yana faɗin lokaci. In muka rubuta TZ=Asia/Riyadh date, sai ya ba mu lokacin Makka, wanda ya sha gaban namu da awa 2, alhali agogon na'urar bai motsa ba. Haka kuma wanda crontab -e ya jefa shi cikin vi ya rasa ƙofar fita, maganinsa export EDITOR=nano. Bugu da ƙari, inda aka girka tsarin ha_NG a Linux, LANG=ha_NG.UTF-8 yakan sa date ya kira sunayen ranaku da Hausa.

To, ga ƙa'idar da ya kamata mu riƙe. Wannan gado daga uwa yake sauka zuwa 'ya, ba ya komawa sama. Abin da 'ya ta canza a nata kwafin ba ya shafar uwa. Bayanin da muka ƙirƙira ba mu yi masa export ba yana nan cikin shel, ba ya shiga guzurin kowa. Da zarar mun rufe allo kuma, duk abin da muka sa ya tafi, sai dai wanda muka rubuta a fayil irin su .profile ko .bashrc, waɗanda shel ke karantawa idan ta tashi.

Yanzu sai mu juya ga haɗari. PATH jerin wurare ne da shel ke bi daga hagu zuwa dama tana neman umurni, kuma wanda ta fara cin karo da shi, shi take tayarwa. Wanda ya rubuta PATH=/sabo maimakon PATH=$PATH:/sabo ya share tsohon jerin, ko ls ba zai samu ba. Wanda kuwa ya sa ɗigo a farkon jerin ya ce wa shel ta fara dubawa a duk inda yake tsaye. A na'urar da ma'aikata da yawa ke tarayya a kanta, mugu zai iya ajiye manhajar ƙarya mai suna ls ya koma gefe yana jira. Haka nan kalmar sirrin da aka zuba a muhalli, duk manhajar da aka tayar daga nan ta gaje ta.

Kada a ɗauka tsoratarwa ce kawai. A watan Satumba na 2014 aka gano wani aibi a shel ɗin Bash, aka raɗa masa suna Shellshock. Tun 1989 yake kwance a ciki. A wancan lokaci Bash takan aiwatar da umurnin da aka maƙala a wutsiyar wani irin bayanin muhalli, ga shi kuma na'urori da yawa masu ɗauke da shafukan intanet suna zuba saƙon baƙo a cikin muhalli kafin su tayar da ita. Ta haka baƙo daga nesa ya samu ikon ba da umurni a gidan da ba nasa ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan manhaja ta yi abin da ba mu zata ba, kada mu yi gaggawar zarginta. Mu fara kwance guzurin da muka ba ta mu duba. Gobe mu ne za a danƙa wa na'urorin ma'aikatu da takardun jama'ar da ke cikinsu, rigakafi kuwa ya fi magani.