Amanar da Allah Ya Bar Mana

 Yau za mu yi tunani a kan ƙasar da muke nomawa, da itatuwa, da namomin jeji waɗanda Allah ya halitta.

A cikin Littafin Farawa, sura 2 aya 15, mun ga Allah ya sa Adamu a gonar Aidan, ya kuwa ba shi aiki biyu, wato noma da kiyayewa. Noma kam mun riƙe shi da hannu biyu. To, kiyayewar fa? Da rani mukan cinna wa daji wuta saboda gafiya guda ɗaya. Mukan sare ɗorawa da kaɗanya mu yi gawayi. Ga shi yanzu mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki, iska kuma tana kwashe taki daga gonaki. 'Yan'uwa, idan Mai gonar ya tambaye mu amanarsa, me za mu ce?

Kada mu karai, gama gyara mai yiwuwa ne. Bari in ba ku misali biyu daga Jamhuriyar Nijar.

Na fari daga Maraɗi yake. Wani ɗan mishan, mutumin Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa a can, amma yawancinsu suna mutuwa. A shekara ta 1983 sai ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu suna can cikin ƙasa. Ya shawarci manoma su bar rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran. Da farko an yi masa dariya. Daga baya da aka ga amfanin, maƙwabci ya koya wa maƙwabci. Wannan hanya ta rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5. Da wuƙa da gatari da haƙuri talakawa suka yi wannan aiki.

Na biyu shi ne labarin raƙumin dawa. A dā yana yawo daga Sanigal har zuwa tafkin Chadi. Farauta da fari da saran daji suka rage shi, har a shekara ta 1996 guda 49 kaɗai aka ƙidaya, a yankin Kure, kusa da Yamai. Gwamnati ta hana kashe su. Mutane daga ƙasashe dabam dabam suka ba da kuɗi, aka taimaki ƙauyukan wurin da rijiyoyi da ƙaramin bashi na sana'a, mutanen gari kuma suka zama masu gadi da jagorar baƙi. Kafin shekara ta 2018 yawansu ya wuce 600. A shekarar nan aka kai guda 8 gandun dajin Gadabeji, a jihar Maraɗi, domin su sāke yaɗuwa a can.

Ku lura, ƙaunatattu. A Maraɗi hannu ne ya yi aiki. A Kure kuwa kuɗi da hannu ne suka haɗu. Mai kuɗi ya ba da kuɗinsa, mai ƙarfi ya ba da ƙarfinsa, kowa gwargwadon abin da Allah ya ba shi.

To, mu fa? Wani zai ce, "Malam, ni da ban ƙoshi ba, ina ruwana da tsuntsu da raƙumin dawa?" Ɗan'uwana, gawon da tsuntsu yake sauka a kai, shi ne yake zuba ganye yana takin gonarka, 'ya'yansa kuma awakinka suke ci. Dajin da ya ɓoye barewa shi ne yake tare iska da zaizayar ruwa. In daji ya mutu, talaka ne zai fara shan wuya.

Ga abin da za mu iya yi. Ikkilisiya ta keɓe baiko na Lahadi ɗaya a shekara domin sayen dashe da waya ta shinge, ko kuwa a aika wa ƙungiya amintacciya mai kula da daji. Ma'aji ya karanta lissafin a gaban jama'a, domin kada a sami gunaguni. Matasa su ba da Asabar ɗaya a wata su yi dashe da ban ruwa a filin majami'a da makaranta. Zumuntar mata su koya wa juna murhu mai cin itace kaɗan. Manoma, bana in kun je sassabe ku bar wasu kututture su tashi. Iyaye kuma ku hana yara ƙona daji.

Mai dasa tsamiya ya san ba lalle ne ya sha inuwarta ba, amma jikokinsa za su sha, su sa masa albarka.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba Mahalicci, ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa aikin hannuwanka. Ka ba mu zuciyar bayarwa da hannuwa masu aiki, mu zama amintattun masu riƙon amana. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.