Gurbin Yaro Mai Naƙasa a Makarantun Garinmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Ƙungiya

Mai Girma Hakimi, ranka ya daɗe, Shugaban Ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malaman makarantu, 'yan uwa maza da mata.

An nemi in yi magana a kan ilimin yara masu naƙasa, waɗanda yanzu aka fi kira masu buƙata ta musamman. Zan yi amfani da sunayen biyu, domin canza suna bai taɓa sa yaro a aji ba.

Ƙasar Hausa ba ta yi watsi da naƙasassu ba. Tun zamanin kakanni akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, kuma kowa ya san makaho mahaddacin Alƙur'ani. Sai dai mafi yawan wannan tsari a kan bara aka gina shi, har ya zama idan aka haifi yaro kurma ko gurgu, ƙoƙo ake fara tanadar masa kafin allo.

Makarantun musamman sun zo daga baya. An buɗe ta makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, a 1953. A 1977 aka kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo domin horar da malaman wannan fanni, kuma a Kano akwai makarantar Tudun Maliki mai karɓar kurame da makafi. Sun yi aiki abin yabo. Amma su nawa ne, kuma gado nawa ke ɗakunan kwanansu? Wace uwa ce za ta saki ɗan shekara shida, wanda ba ya ji ba ya magana, ya tafi garin da ba ta da kowa? Don haka yawancin yaran nan, ko dai su shiga firamaren unguwarsu, ko su zauna a gida.

Wannan ne ya sa a taron Salamanka na ƙasar Sifen, a 1994, ƙasashen duniya suka amince cewa makarantar kowa ita ce za ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. A nan Nijeriya, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a 2024. Duk wanda ya bi ta makarantunmu ya ga matakalar da ke ƙofar kowane aji.

Jama'a, a nan nake so mu tsaya. Idan aka ce gyara, hankali kan tafi ga miliyoyi, alhali akasarin abin da ake bukata dabara ce. Yarinyar da ba ta ji sosai a zaunar da ita a layin gaba, malami ya daina magana yana fuskantar allo, domin da leɓensa take karatu. Zabiya a kawar da shi daga hasken taga, a ƙara masa girman rubutu. Mai keken guragu a yi masa gangaren siminti, a faɗaɗa ƙofar aji da ta banɗaki. Sau da yawa banɗaki ne ke korar 'ya mace daga makaranta, ba lissafi ba. Mai farfaɗiya a koya wa 'yan ajinsu cewa ba a ɗaukarta ta yawu, kuma ba a cusa wa wanda ya faɗi cokali a baki. Akwai kuma wanda aka fi zalunta, wato yaron da lafiyarsa ƙalau a ido amma haruffa ke rikice masa. Daƙiƙi muke ce masa, mu bi shi da bulala, alhali ƙarin lokaci da jarrabawar baka za su fito da abin da ya sani. Ko hukumar JAMB, tun 2017, ta ware wa makafi tsarin jarrabawa na daban.

Ba na cewa dabara ta wadatar a ko'ina. Makaho sai ya koyi rubutun Burel mai ɗigo shida, kurma kuma sai da maganar hannu, wadda kuramen Kano ke da irin tasu tun da daɗewa. Waɗannan sai ƙwararren malami, kuma malamin da ke fama da aji maƙil da yara ba zai iya shi kaɗai ba.

Shawarata ga Shugaba ita ce, daga kuɗin tallafin karatu na bana a ware gurbi biyu ga 'ya'yan garin nan da za su karanci ilimin musamman a Oyo ko Jami'ar Jos, bisa sharaɗin su dawo su koyar a gida. Duk ajin da ƙungiya za ta gina daga yau kada a biya ɗan kwangila sai an ga gangare. Sannan ina roƙon Mai Girma Hakimi ya umarci masu unguwanni su bi gida-gida kafin a koma hutu, su rubuto sunan kowane yaro mai naƙasa da ba ya zuwa makaranta, a miƙa wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma.