Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabin Sakataren Ƙungiya a Taron Magidanta, Unguwar Bolewa



An umurce ni in yi magana a kan shirin da ya kamata kowane gida ya yi kafin ambaliya, gobara ko tashin hankali. Ba wai muna yi wa kanmu fatan sharri ba ne. Mun dai ga abin da ya faru a kasuwar shanu ta garin nan a watan Mayu na 2012, inda aka yi asarar rayuka da dukiya. Mun ga ambaliyar 2022 wadda ta ci rayuka sama da 600 a Nijeriya, ba ta kuma bar Jihar Yobe ba. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu da iyayenmu suka zo daga Kano, Katsina, Haɗeja ko Damagaram, lamarinmu yana da ƙarin nauyi. Da yawanmu ba mu da gona ko gidan dangi a kusa da za mu fake. Ran da masifa ta auku, takarda ce shaidarmu. Saboda haka a nan zan fi tsayawa.

Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya yi magana ƙarara. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so a Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, asali ko addini. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Ke nan idan hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, ko ta jiha, wato SEMA, ta zo ɗaukar sunayen waɗanda abin ya shafa, haƙƙinka ne a rubuta naka. Amma jama'a, da jerin sunaye ake rabon agaji. Wanda mai unguwa bai san shi ba, ba ya kuma da takarda a hannu, shi ne ake bari a baya.

To, me za a tanada? Takardar cinikin gida ko fili mai sa hannun shaidu, ko rasit na haya ga ɗan haya. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ta kowane babba. Takardun haihuwar yara na hukumar ƙidaya, katin rigakafi, takardun makaranta da katin asibiti. A haɗa su cikin leda mai kauri, a sa a jaka guda, a rataye inda ruwa ba ya kaiwa. A yi kwafi a ajiye wurin wani amintacce a wata unguwa, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Uwargida ta san inda jakar take, domin sau da yawa abin yakan faru maigida yana kasuwa ko yana kan hanya da mota.

A cikin jakar a ƙara tocila, ɗan kuɗin mota, maganin mai hawan jini ko ciwon sukari, da takarda mai lambobin waya: na mai unguwa, na dangi biyu, da lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

Sai gyaran gida. Kafin damina a yashe kwata, a daina zuba shara a magudanar ruwa, a yaɓe katangar ƙasa, a ɗora buhunan hatsi a kan katako. Da hunturu kada a kwana da garwashi a ɗaki. Kada a ajiye jarkar fetur inda ake girki. Wutar fetur kuwa ba a zuba mata ruwa, yashi ake zubawa.

Bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa. A tafasa ruwan sha. In yaro ya kamu, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, a garzaya asibiti.

A ƙarshe, kowane maigida ya zauna da iyalinsa su tsai da wurin haɗuwa idan an watse, su kuma san wanda zai ɗauki tsoho da wanda zai riƙe ƙananan yara. Wanda bai gabatar da kansa ga mai unguwa ba, ya je cikin makon nan. Wanda karatun takarda ke ba shi wuya, ya kawo ta ajinmu na yaƙi da jahilci, mu duba tare, ba ko kwabo.

Allah Ya kiyashe mu da abin da ba za mu iya ba, Ya zaunar da garinmu lafiya.