Kafin Dusar Ƙanƙara Ta Sauka



Jawabinmu na yau ya fuskanci 'yan'uwanmu waɗanda neman ilmi ko neman halaliya ya kai su ƙasashen sanyi, wato Ingila da sauran ƙasashen Turai, da Rasha, da Kanada, da arewacin Amurka, musamman sababbin zuwa da ba su taɓa cin hunturun can ba; ya kuma fuskanci iyayensu da ke gida, waɗanda duk sa'ad da suka ɗaga waya ba su da tambayar da ta wuce, "Yaya sanyi, ƙanƙarar ta fara zuba?" A daidai wannan lokaci na shekara, da ganyen itatuwa ya yi ja ya kakkaɓe, rana kuma ta soma faɗuwa da wuri, jaridun can sukan cika da labarin abin da ke tafe, wannan ta ce bana za a sha sanyin da tsofaffi ba su taɓa gani ba, waccan ta ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta sauka ba, har baƙo ya rasa wadda zai kama.

To, wajibi ne mu fara rarrabe abin da masana yanayi suke faɗa da ƙarfin hujja daga abin da suke faɗa bisa ƙiyasi. Hasashen gobe da jibi da gata, har zuwa kwana 5, ya kai matsayin da mai hankali zai dogara da shi, domin akwai taurarin ɗan'adam a sama da na'urori a tudu da teku suna auna iska dare da rana, kwamfutoci kuma suna lissafa inda za ta nufa. Amma da zarar an zarce kwana 10 sai lissafin ya soma rauni, idan kuwa aka kai ga maganar wata uku, abin da ya rage a hannun masani shi ne rinjayen zato kaɗai, kuma shi kansa ba ya da'awar fiye da haka. A ƙarshen shekarar 2009 hukumar yanayi ta Ingila, Met Office, wadda a lokacin ta haura shekara 150 tana wannan aiki, ta rinjayar da cewa sanyin shekarar zai zo da sauƙi, sai ga shi ya zo da tsananin da aka yi kimanin shekara 30 ba a ga irinsa ba, har a watan Maris na 2010 hukumar ta daina fitar wa jama'a irin wannan hasashe na dogon zango yadda ta saba. Ban kawo wannan don in rage darajar masanan ba, mutane ne masu himma da amana a fanninsu. Na kawo shi ne don a san inda ilminsu ya tsaya, sanin gaibu kuwa sai Allah.

Sababin wannan wahala kuwa yana ga iska. Birnin Landan ya fi birnin Montreal na Kanada nisawa cikin arewa, amma duk da haka a Montreal ma'auni kan sauka har digiri 20 ƙasa da sifiri, kogi ya daskare, alhali a Landan yawancin kwanakin hunturu yayyafi ne da hadari da danshi. Abin da ya raba su shi ne Tekun Atlantika, wanda ruwan ɗumi ke gudana a cikinsa daga wajajen Meksiko zuwa gaɓar Turai, iskar yamma kuma ta kwaso wannan ɗumi ta shimfiɗa wa Ingila da Faransa da maƙwabtansu. Muddin iskar na busowa daga yamma, sanyi da sauƙi. Ran da ta juya ta taso daga gabas, daga filayen Saiberiya, ranar Turai kan san ta yi baƙo. Can sama ƙwarai, bisa ƙuryar arewa ta duniya, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kewayawa tana tsare sanyi a wurinsa, kuma a wasu shekaru takan wargaje farat ɗaya, bayan mako biyu ko uku sai sanyin da ta tsare ya kwararo kudu. Haka ta faru a tsakiyar Fabrairun 2018, kafin watan ya ƙare dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi da makarantu a Birtaniya, a lokacin da mutane suka ɗauka hunturu ya yi sallama. Dattawan can kuwa har yau suna ba da labarin sanyin da ya kama a ƙarshen Disamban 1962 bai saki ba sai farkon Maris na 1963, wanda a cikinsa teku kanta ta daskare a gaɓar Kent. Ga kuma wani abu: a Ingila ma'auni yakan tsaya ne dab da sifiri, saboda haka bambancin digiri 1 ko 2 shi ke hukunta ko ruwa za a yi ko dusar ƙanƙara, kuma babu mahalukin da zai iya yanke wannan tun watan Oktoba.

A Amurka da Kanada masana sun fi zuba ido ga Tekun Fasifik, ko ruwansa ya yi ɗumi, abin da suke kira El Nino, ko ya yi sanyi, wato La Nina, wadda takan ƙara wa yammacin Kanada sanyi. Amma wannan ma rinjaye ne, ba ya faɗin abin da zai auka wa gari kaza a mako kaza. Birnin Buffalo da ke bakin tafkin Erie ya ga haka a Disamban 2022, da dusar ƙanƙara fiye da mita 1 ta sauka cikin 'yan kwanaki, mutum fiye da 40 suka rasu, waɗansu a cikin motocinsu.

Ra'ayina ke nan, kuma ina faɗinsa da babbar murya: kada kowa ya jinkirta shiri yana jiran hukuncin jarida. Magidanci ba ya jira a gaya masa yawan ruwan da za a yi a damina kafin ya yi wa soronsa yaɓe ya gyara indararo. A yi shirin shekara mai tsanani, sa'an nan a riƙa duba hasashen kwana biyar-biyar da gargaɗin hukuma kafin a kama hanya. Tawakkali bai taɓa hana riƙo da sababi ba.

Bahaushe ya san sanyi, babu musu, amma sanin da ya yi masa shi ne yakan yaudare shi. A Kano ko Damagaram, ko da ɗari ya sauko kusa da digiri 12 da asuba, jaura na kaɗawa, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, kowa ya san da hantsi ya yi zai fita ya jingina da bango ya sha rana, kafin azahar ma a tuɓe rigar sanyi. A can babu wannan hantsin. Cikin Disamba rana kan fito a Landan wajen ƙarfe 8 na safe ta faɗi kafin 4 na yamma, ga ta a sama idan hadari ya bari amma ba ɗumi gare ta, sanyin kuma mai danshi ne, yana ratsa tufafi yana shiga bango ya zauna. Wanda ya ce zai daure har gari ya yi ɗumi, watanni zai yi yana jira.

Saboda haka ɗaki shi ne farkon abin lura. Likitocin can suna shawartar kada ɗakin zama da na kwana su sauka ƙasa da digiri 18, musamman inda akwai tsoho, ko jariri, ko mai ciwon zuciya ko na huhu, domin sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ya ɗaga hawan jini, ya sa jini kauri, shi ya sa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sukan ƙaru bayan kwanakin tsananin sanyi. Ina tausayin ɗalibin da ke zaune a ɗakin haya, ya kashe na'urar ɗumama ɗaki don kuɗin gas ya yi tsada kuma akwai waɗanda ke jiran aikensa a gida, ya kwanta da kwat da safa, numfashinsa na fita kamar hayaƙi, ruwa na tsiyaya a gilashin taga, baƙar fumfuna ta fara cin kusurwar bango. Ɗan'uwa, kuɗin da kake tattali bai kai lafiyar huhunka ba. Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi ka rataye, ka ɗumama ko da ɗaki ɗaya ne, ka toshe ƙarƙashin ƙofa, ka buɗe taga na ɗan lokaci kowace rana don danshi ya fita, kuma idan abin ya fi ƙarfinka ka nufi ofishin kula da ɗalibai ko shugabannin masallacinku, babu abin kunya a ciki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ina roƙon a kasa kunne. Kada a kuskura a shigar da garwashi ɗaki don jin ɗumi, ko kaskon gawayi, ko abin gasa nama, ko janareta, kada kuma a kunna murhun girki a bar shi yana ci da niyyar ɗumama gida. Gawayi yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, gidajen can kuwa an gina su a toshe ruf don tsare ɗumi, ba su da kafar da iska ke ratsawa kamar zaurukanmu. Alamarta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, sau da yawa a ga mutanen gida duka sun kamu lokaci guda, da an fita waje kuma a ji sauƙi. Mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a wayi gari. A Fabrairun 2021, da sanyi ya katse wutar lantarki a jihar Texas, hukuma ta ƙidaya mutum 246 da suka rasa rayukansu, kuma cikinsu akwai waɗanda wannan iska ce ta kashe su suna neman ɗumi. Kowane gida ya sami na'urar da ke ƙara idan ta ji gubar. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, na san turaren wuta yakan tayar da na'urar hayaƙi ta cika gida da kururuwa, har a zare mata batir a manta; don Allah kada a zare. Wannan gargaɗi ya haɗa har da mu na gida, da ke kwana da kasko a rufaffen ɗaki cikin hunturu.

Game da tufafi, riguna uku marasa kauri, wata kan wata, sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, ta waje kuma ta zama mai hana ruwa da iska. A rufe kai da kunne da wuya, a sa safar hannu, a sami takalmi mai ƙasa mai kama ƙasa, domin ƙanƙarar da ke kwantawa shara-shara a kan hanya, ba a ganinta, ta fi dusar da ake tsoro karya mutane. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya ɗauki shebur ya ce shi zai kwashe ƙanƙarar ƙofar gida.

Masu amosanin jini, wato sikila, su ne na fi so su ji wannan, domin cutar tana da yawa a cikinmu kuma sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita. Su yi rajista da likita tun kafin ciwo ya zo, su karɓi allurar rigakafin mura, su yawaita shan ruwa ko da ba sa jin ƙishirwa, kada su tsaya jiran mota a fili jiki a jiƙe. Baƙar fata kuma tana bukatar hasken rana mai yawa kafin jiki ya haɗa sinadarin bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, shi ya sa hukumar lafiya ta Ingila ke shawartar kowa ya sha maikurogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, irinmu kuwa duk shekara.

Zafin jikin ɗan'adam digiri 37 ne, idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga hatsari. Za a ga mutum yana makyarkyata, harshensa ya yi nauyi, tunaninsa ya rikice, barci na fizgarsa. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali yana cikin sanyi, abin ya yi tsanani ke nan. Jariri kuwa sai a ji jikinsa ya yi sanyi, ya yi laƙwas, ya ƙi kama nono. A kira motar asibiti nan take, 999 a Ingila, 112 a sauran Turai, 911 a Amurka da Kanada; kafin ta iso a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi da bargo har kansa, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi idan yana cikin hayyacinsa. Kada a tsoma shi cikin ruwan zafi, kada a murza masa hannu da ƙafa. Yatsun da suka mutu suka yi tauri kuma ba a kanga su a wuta, sai dai a sa su cikin ruwa mai ɗumin jiki a nemi likita.

Akwai masu takura wa kansu da alwala da ruwan ƙanƙara suna ganin ya fi lada, alhali shari'a ba ta hana ɗumama ruwa ba, kuma malamanmu sun yi bayanin shafa a kan huffi da sharuɗɗanta. Ya tabbata cewa Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, ya yi taimama maimakon wanka a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil saboda tsoron halaka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi masa inkari ba. A tsane jiki sosai bayan alwala kafin a fita masallaci.

Ku kuma iyaye, idan kun kira, ku ƙara wa tambayarku tsawo. Ku tambaye shi ko ɗakinsa da ɗumi, ko yana da na'urar gano gubar gawayi, ko ya yi rajista da likita, ko yana cin abinci mai zafi, da kuma wanda ya yi hira da shi ido da ido a makon nan, domin dogon duhu da kaɗaici sukan jefa mutum cikin ƙuncin rai har ya daina fita, kuma wannan ma ciwo ne da likita ke dubawa. Idan kun ji muryarsa ta canza, ku nemi wani ɗan gari da ke kusa da shi ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.