TAKARDAR TARA ZARGI CE, BA HUKUNCI BA



Abin da nake so mu duba yau shi ne matsayin direban da aka tsare a hanya aka ce ya yi gudun wuce ƙima. Alal misali, direba ya yi lodin albasa daga Wurno ko Goronyo, ko ya kwaso fasinja daga Gandi ya biyo ta Rabah zai shiga Sakkwato, sai mai kaki ya ɗaga masa hannu. Galibi kafin a gama magana ya miƙa na goro ya wuce, domin a zatonsa wanda ya tsare shi shi ne mai ƙara, shi ne kuma alƙali. Wannan zato kuskure ne.

Da farko dai, gudun ganganci laifi ne, kada wani ya ce na zo kare shi. Dokokin hanya na 2012 sun ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa ɗaya cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Don rage asarar rayuka aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma dokarta ta 2007 ta ba ta ikon tsare mai laifi da gurfanar da shi. 'Yan sanda ma suna da wannan iko. Har ila yau, duk wanda ya tuna harin Tabanni a ƙasar Gandi cikin 2018, da na kasuwar Goronyo cikin 2021, ya san amfanin shingen jami'an tsaro. Sai dai shinge wurin bincike ne, ba a mai da shi kotu.

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar, kuma ba a hukunta mutum sai da laifin da doka ta rubuta, ta kuma yanka masa horo. Watau nauyin kawo hujja yana kan mai zargi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, a gaban alƙali direba yana da damar ya tambaya: da me aka auna gudun nan, a ina, kuma nawa na'urar ta nuna?

Kotunanmu sun sha duba wannan batu. A 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta ce hukumar ba ta da ikon cin mutum tara, domin wannan aikin kotu ne. Ita kuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'ar, ta ce ba laifi a ba da takardar tara, tun da wanda aka ba yana da zaɓi, ko ya biya ko ya nemi a tafi kotu. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta ce hurumin hukumar ya tsaya ga hanyoyin Gwamnatin Tarayya. A 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta hana jami'an duba lafiyar motoci na birnin tsare motoci da ƙwace su da cin tara. Ko da yake hukunce-hukuncen sun bambanta, babu ko ɗaya da ya halatta karɓar kuɗi a bakin hanya.

Saboda haka ga shawarata. In an tsare ka, ka tsaya, ka yi magana da ladabi, kada ka yi gardama da mai bindiga. Ka nemi a rubuta laifinka a takarda, ka lura da wurin da lokacin da sunan jami'in. In ka san ka yi laifin, ka biya cikin asusun gwamnati, ka karɓi rasit. In kuwa ba ka yarda ba, ka nemi a kai ka gaban majistare, ka tafi da shaidunka, fasinja ne ko yaron mota.

Na san wani zai ce albasa ba ta jiran shari'a, gara a ba da 'yan kuɗi a wuce. Gaskiya ne akwai wahala. Amma wanda ya bayar yau zai bayar gobe, kuma kuɗin nan a kan manomi da fasinja direba zai fanshe su. Mafi muni, shingen da ya saba karɓar na goro wata rana zai bar motar makamai ta wuce.

'Yan'uwa, da yawanku gobe ku ne majistarori da akawuna da hafsoshin 'yan sanda. In kun koma gida hutu, ku shiga tasha ku bayyana wa iyayenmu da yayyenmu direbobi wannan haƙƙi nasu, ku kuma gargaɗe su kan gudu, gama sauri kan haifi nawa.