Kafin Ka Buga Ƙusa a Shago
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, reshen Kaduna

 

Da sakatare ya ce in yi magana a kan gyaran cikin shago da ofis, sai na yi dariya, domin ni ba magini ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne, lissafin kuɗi na karanta a jami'a. Amma ya san abin da ya same ni, kuma da yawanmu a zauren nan muna da niyyar buɗe wata 'yar sana'a, ko mu buɗe wa iyali.

A shekarar 2023 yayata ta kama hayar shago a wani bene kusa da titin Ahmadu Bello Way, don sayar da atamfa da leshi. Kuɗin da ta zuba haƙƙin maigidanta ne da ya rasu, wato kuɗin marayu. Ta biya hayar shekara biyu, ta ce mini, "Ƙanena, kai ne ɗan boko, ka tsaya a kan aikin." Shagon kango ne, bango huɗu da ƙofa. Wani ya ba ni shawarar in nemi mai zanen gine-gine, wato akitek. Na ce a raina, shago ɗaya tal, me za a zana?

Na kira mai tayil ya shimfiɗa, na kira mai silin ya rufe sama. Da mai wayarin ya zo, ya tambaye ni inda za a sa na'urar sanyaya ɗaki da fitilun haska kaya, sai na yi shiru. Dole aka farke silin aka bi da waya. Kafinta ya kawo kanta daga Panteka, ta ƙi shiga ta matakalar bene, sai da aka raba ta biyu. Ruwan watan Agusta ya sauka, rufin ya yi yoyo a kan sabon fenti, mai gida ya ce ba ruwansa tunda ba mu rubuta komai ba. Wata huɗu shago na rufe, haya kuwa tana ta tafiya. Ranar da na je in gaya wa yaya cewa kuɗin sun kusa ƙarewa, ban iya haɗa ido da ita ba.

Wani ɗan ajinmu da ya karanta zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi ya cece ni. Abin da na koya a hannunsa shi zan faɗa muku.

Bai fara da zane ba, tambaya ya fara yi. Wane irin kaya za a sayar? Mutum nawa za su yi aiki a ciki? Ina mai saye zai zauna ya duba kaya? Ina sito, ina wurin salla, ina bayan gida? Nawa ne a hannu, ba nawa ake sa ran samu ba? Wannan tambaya ta ƙarshe ita mutanenmu ke ɓoyewa, wai kada a cuce su. Alhali in ka ɓoye wa mai zane ƙarfin aljihunka, zai zana maka abin da ba za ka iya gamawa ba.

Bayan ya auna shagon ya fitar da zane, sai ya haɗa ni da mai ƙididdigar kayan gini. Shi ne ya jera komai a takarda: tayil murabba'in mita kaza, waya nadi kaza, fenti bokiti kaza, ladan ma'aikata kaza. Da wannan takarda guda muka nemi farashi daga 'yan kwangila uku. In babu ita, kowa abin da ya ga dama zai ƙiyasta, ba ka da hanyar gwada farashin wannan da na wancan. Ba mu ɗauki wanda ya fi araha ba, domin da muka duba sai muka ga siririyar waya ya lissafa. Araha ba ta ado.

Game da kasafi, ya sa na ware kashi 10 cikin 100 don abin da ba a zata ba. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki farashin naira a watan Yuni, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da dama. Fitilu, makullai da na'urar sanyaya ɗaki galibi daga waje ake shigo da su, don haka muka saye su tun farko muka adana. Haka kuma ku tambayi ɗan kwangila ko ya sa harajin kayayyaki a cikin farashinsa, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 a Fabrairun 2020. Ku lissafa kuɗin da shago zai riƙa ci bayan an buɗe shi. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, saboda haka taga mai shigo da iska da haske riba ce ta kowane wata.

Sai maganar biya. Mu ma'aikata mun san cewa dokar ba da kwangila ta tarayya ta 2007, lokacin da aka kafa ta, kashi 15 cikin 100 kawai ta yarda a bayar kafin alƙalami. Amma ni da hannuna na miƙa wa kafinta kusan duk kuɗinsa bai yanka katako ko ɗaya ba. A karo na biyu mataki-mataki muka biya, sai akitek ya duba ya sa hannu. Muka riƙe kashi 5 cikin 100 har wata shida, don in wani abu ya lalace mai aikin ya dawo ya gyara.

Kada ku manta da hukuma. In za a fasa bango, ko a canja fuskar gini, ko a mai da gidan zama wurin kasuwanci, a nemi izinin KASUPDA, kuma a kira injiniya kafin a taɓa ginshiƙi. A rubuta da mai gida wa zai gyara rufi, da abin da za ka iya cirewa ranar da za ka tashi. A tanadi tukunyar kashe gobara. A tuna da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a 2019, a yi hanyar da mai keken guragu zai shiga. Sannan ba duk mai iya zane a kwamfuta ne akitek ba. Hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi musu rajista, ku nemi lambarsa.

Wani zai ce, kuɗin mai zane fa? Abin da muka biya shi bai kai rabin abin da na ɓarnatar wajen farke silin da sake fenti ba.

Alhamdu lillahi, shagon yaya ya buɗe ana saura mako biyu azumin 2024, marayun suna makaranta. Asarar da na jawo kuwa, daga albashina nake biyanta kaɗan-kaɗan, ko da yake ta ce ta yafe.

Roƙona ga shugabanni shi ne a tattara sunayen 'yan ƙungiya masu zanen gine-gine, injiniyoyi da masu ƙididdiga, a buga a mujallarmu ta gaba, don ɗan'uwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin ya kashe kwabonsa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya albarkaci nemanmu.